Ranar da Napoliyon ya miƙa kansa ga sojojin ruwan Ingila

Yau za mu koma shekarar 1815, lokacin da Shehu Usman Ɗanfodiyo yake raye, saura shekara biyu ya rasu, mu duba abin da ya faru a gaɓar tekun Faransa da safiyar Asabar, 15 ga Yuli. A wannan safiya wani mutum ɗan shekara 45, sanye da koren kayan soja da malafarsa da kowa ya san shi da ita a Turai, ya taka matakalar jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Bellerophon, ya cire malafar, ya gaya wa kyaftin ɗin jirgin cewa ya zo ne ya sa kansa ƙarƙashin kariyar sarkinsu da dokokinsu. Wannan mutum shi ne Napoliyon Bonaparte, Sarkin Daular Faransa, wanda ya shafe kusan shekara ashirin yana yaƙi da Ingila.

Yawancinmu mun ji labarin Waterloo a makaranta, sai a ce mana an ci shi da yaƙi, an kai shi tsibiri, ya mutu. Amma ba a filin daga aka kama shi ba. Tsakanin yaƙin Waterloo da hawansa wannan jirgi kwana 27 ne, kuma da ƙafarsa ya je. Har yau Faransawa da Ingilishi ba su daidaita ba a kan abu ɗaya: da ya hau jirgin nan, baƙo ne mai neman mafaka ko fursunan yaƙi?

An gwabza a Waterloo, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, ranar 18 ga Yuni. Wellington na Ingila da Blücher na Furushiya suka tarwatsa rundunarsa. Ya iso Faris ranar 21, ya tarar 'yan majalisa sun juya masa baya, washegari ya yi murabus ya ce ya bar wa ɗansa sarautar. Yaron shekararsa huɗu, kuma yana birnin Vienna a hannun kakansa Sarkin Ostiriya, saboda haka kowa ya san magana ce kawai. Mulki ya koma hannun gwamnatin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Fouché, tsohon ministan 'yan sandansa, mutumin da ya ƙware wajen cin tuwo da kowane ɓangare, wanda tuni yake aika saƙo ga Wellington da gidan sarautar Bourbon. Abin da Fouché yake so shi ne Napoliyon ya fita daga Faris. Napoliyon ya koma Malmaison, gidan tsohuwar matarsa Josephine da ta mutu a shekarar da ta gabata. Daga can ya aika cewa a ba shi rundunar a matsayin janar kawai, ya kori abokan gaba daga ƙofar Faris sannan ya tafi. Aka ƙi. Sojojin Furushiya kuwa suna matsowa, kuma Blücher bai ɓoye niyyarsa ba: in ya kama shi, harbe shi zai yi. Ranar 29 ga Yuni ya kama hanyar teku, ya isa tashar jiragen ruwa ta Rochefort ranar 3 ga Yuli.

Amurka yake nufi. Gwamnatin riƙo ta ware masa jiragen yaƙi biyu masu sauri, Saale da Méduse, aka ce masa ana neman takardar izinin wucewa daga Ingila. Takardar ba ta zo ba, kuma ba za ta taɓa zuwa ba. A bakin mashigar kuwa Bellerophon ne yake shawagi, mai igwa 74, ƙarƙashin Kyaftin Frederick Maitland.

Sai mu ɗan tsaya a kan jirgin nan, domin ba baƙo ba ne a rayuwar Napoliyon. An sa shi a ruwa a 1786. Yana cikin jiragen da Nelson ya kai Abukir a gaɓar Masar a 1798, inda suka ƙone jiragen Faransa suka bar Napoliyon da sojojinsa a maƙale a Masar. A daren nan Bellerophon ya yi gaba da gaba da babban jirgin Faransawa, ya fita ba ko sandar filafili ɗaya a tsaye. Yana nan kuma a Trafalgar a 1805, inda aka kashe kyaftin ɗinsa, yaƙin da ya kawo ƙarshen duk wani mafarkin tsallakawa a ci Ingila. A tudu Napoliyon ya shiga Vienna da Berlin da Madrid da Mosko. A teku kuwa bai taɓa samun yadda yake so ba, kuma ga ɗaya daga cikin tsofaffin jiragen da suka hana shi ya zo ya tare masa ƙofa.

Kwana goma sha biyun da ya yi a Rochefort da ɗan tsibirin Aix da ke kusa su ne suka fi ba mu mamaki. Mutumin da aka sani da yanke shawara cikin ƙiftawar ido ya zauna yana ta jinkiri. Hanyoyin tsira ba su ƙare ba. Kyaftin ɗin Méduse ya ce zai afka wa Bellerophon da dare ya riƙe shi, ko da jirginsa zai nutse, domin Saale ya samu ya sulale. Akwai wani jirgin yaƙi a bakin kogin Gironde da kyaftin ɗinsa ya ce a shirye yake. Akwai jirgin 'yan kasuwar Denmak mai dakon barasa, inda aka shirya ɓoye shi cikin ganga idan Ingilishi suka zo bincike. Wasu matasan hafsoshi suka ce za su fitar da shi cikin ƙananan jirage. Yayansa Joseph, wanda suke kama, ya zo ya ce zai zauna a madadinsa shi kuma ya gudu. Duk ya saurara, wasu har ya amince da su sannan ya fasa. Joseph ɗin kuwa ya shiga jirgin 'yan kasuwa da sunan aro, ya isa Amurka lafiya, ya yi shekaru yana zaune a jihar New Jersey. Wato hanyar tana ɓullewa.

Me ya hana shi? A ganinmu girman kai ne, kuma ba mu faɗi haka don zagi ba. Wanda ya naɗa wa kansa kambi a gaban Fafaroma a 1804 ba zai jure a zaro shi daga cikin gangar barasa ana dariya ba. Ya riga ya fara tunanin yadda tarihi zai ba da labarin ƙarshensa. Sannan yana tare da mutane kusan hamsin, har da mata da yara, waɗanda ba za su shiga ganga ba. (Shi kuwa Méduse, ga masu son sanin ƙarshensa, shi ne jirgin da ya dafe a yashi a gaɓar Muritaniya bayan shekara guda, a hanyarsa ta zuwa Senegal, aka bar mutane kusan 150 a kan katakai, 15 kaɗai aka tsinta da rai.)

Lokaci bai jira shi ba. Ranar 8 ga Yuli Sarki Louis na 18 ya koma Faris. Farar tutar gidan Bourbon ta fara tashi a garuruwan gaɓar, umarnin kama shi kuma yana hanya. Gaba kura, baya sayaki. Kada mu ɗauka tsoron nan na banza ne: kafin shekarar ta ƙare an harbe Janar La Bédoyère, an harbe Marshal Ney a Faris, an harbe surukinsa Murat a kudancin Italiya.

Ranar 10 ga Yuli ya aika mutum biyu, Savary da Las Cases, su je wurin Maitland su ji ko takardar izini ta iso, su kuma shaƙi iskar wurin. Las Cases ya taɓa zama a Ingila, yana jin Turanci, amma ya yi kamar ba ya ji. Maitland shi ma bai buɗe cikinsa ba. Yana da umarni daga manyansa cewa ya hana Napoliyon fita, in ya same shi kuma ya kawo shi Ingila, amma bai karanta musu wannan ba. Ya ce dai ba zai bar jirgin yaƙi ya wuce ba, sannan ya jefa musu tambaya: me zai hana ya nemi mafaka a Ingila? Ranar 14 Las Cases ya dawo tare da Janar Lallemand. A nan ne gardamar ta samo asali. Maitland ya ce ya faɗa musu ƙarara cewa zai iya ɗaukar Napoliyon ya kai shi Ingila, amma ba shi da ikon yin alkawarin yadda za a karɓe shi. Las Cases ya koma ya ba ubangidansa labari mai daɗin ji, cewa za a karɓe shi da mutunci.

Napoliyon yana da dalilin sa rai. Ƙanensa Lucien ya faɗa hannun Ingilishi a 1810, suka bar shi ya sayi gida da gona a karkarar Ingila yana zaune kamar attajiri. Irin wannan zama yake hange. Sai ya rubuta wa Yarima mai riƙon sarautar Ingila gajeriyar wasiƙa, domin Sarki George na 3 ya samu taɓin hankali. A ciki ya ce ya gama harkar siyasa, ya zo kamar Themistocles ya zauna a murhun mutanen Birtaniya, ya kuma kira Yariman mafi ƙarfi, mafi naci, mafi karamci cikin abokan gabansa. Themistocles ɗin nan jarumin Girka ne da ya karya jiragen Farisa a Salamis, daga baya mutanensa suka kore shi, ya je wurin Sarkin Farisa, aka karɓe shi har aka ba shi gari ya riƙe. Duk wani mai ilimi a Ingila ya san labarin. Wasiƙar tarko ce mai kyau: in sun karɓe shi ya tsira, in sun ƙi sun nuna ba su kai Farisawan dā karamci ba. Janar Gourgaud aka ba ya kai ta hannu da hannu. Ba a bar shi ya sauka daga jirgi ba.

Da asubar 15 ga wata Napoliyon ya shiga wani ƙaramin jirgin Faransa mai suna Épervier. Iska ba ta ba da hanya ba, jirgin ya kasa matsowa, can nesa kuma ga jirgin Admiral Hotham, shugaban Maitland, yana tahowa. Maitland bai so wani ya zo ya karɓe masa wannan babbar ganima ba, sai ya tura kwale-kwalensa aka ɗauko shi. Matuƙan Faransa suka yi masa kirari na ƙarshe, wasu suna kuka. Ba a buga masa igwar girmamawa ba. Maitland ya fake da al'adar sojojin ruwa cewa ba a yin haka kafin ƙarfe takwas na safe. Amma ya ba shi ɗakinsa. Kafin rana ta yi tsaka Napoliyon ya zagaya jirgin, yana tambayar komai, daga igwa har abincin matuƙa, da yamma kuma shi ya zauna a kan teburin cin abinci kamar mai gida, yana nuna wa kowa wurin zama. Washegari Hotham ya gayyace shi karin kumallo a jirginsa, aka jera masa matuƙa a kan sandunan filafilai. Duk wannan ya ƙara masa tabbacin cewa baƙo ne.

Ranar 23 ga Yuli suka wuce tsibirin Ushant. Ya fito tun da sassafe ya tsaya da tabaron hangen nesa yana kallon gaɓar Faransa har ta ɓace. Bai sake ganinta ba. Ranar 24 suka isa Torbay, bayan kwana biyu aka mayar da su Plymouth, tare da umarnin kada kowa ya hau, kada kowa ya sauka.

Abin da ya biyo baya ya tayar wa gwamnati hankali. Mutanen da aka shekara da shekaru ana tsorata 'ya'yansu da sunansa suka yi ta kwararowa daga ko'ina, suna hayar kwale-kwale don su gan shi. Maitland ya ƙiyasta cewa ranar Lahadi 30 ga Yuli kwale-kwalen da suka kewaye jirgin sun haura dubu. Matuƙa suka riƙa rubutawa da alli a kan allo suna ɗagawa: yana cin abinci, yana ɗakinsa. Da yamma ya kan fito ya tsaya inda za a gan shi, maza da yawa su cire huluna. Har an samu asarar rai a turmutsutsun. An ruwaito Lord Keith, babban kwamandan jiragen yankin, yana cewa da an bar mutumin nan ya gana da Yarima, cikin rabin sa'a da sun zama aminai.

Firayim Minista Lord Liverpool ya riga ya yanke hukunci. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. A 1814 an yi wa Napoliyon sassauci, aka ba shi tsibirin Elba kusa da Italiya ya yi sarauta. Bai cika shekara ba ya sulale, ya sauka Faransa ranar 1 ga Maris 1815, ya shiga Faris ranar 20 ba tare da an harba harsashi ba, sakamakon kuwa shi ne dubban gawawwakin Waterloo. Wa zai ajiye irin wannan mutum a ƙauyen Ingila, tafiyar kwana ɗaya daga Faransa? Ranar 31 ga Yuli Keith da Sir Henry Bunbury suka hau jirgin suka karanta masa: za a kai shi Saint Helena, tsibiri a kudancin Tekun Atlantika, kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka, zai tafi da hafsoshi uku da barori goma sha biyu, daga yau kuma sunansa Janar Bonaparte. Ya yi dogon jawabi yana cewa shi baƙo ne ba fursuna ba. A daren nan matar Janar Bertrand ta yi yunƙurin faɗawa teku ta taga, aka riƙo ta.

Akwai wani ɗan wasan kwaikwayo da ya faru a nan wanda yake nuna inda gwamnati take jin tsoro. Wani mai suna Mackenrot, da yake da shari'ar ɓata suna da wani admiral a Landan, ya samo sammacin kotu na kiran Napoliyon ya ba da shaida. Da takardar ta shiga hannun Keith, da an shiga rigimar ko dole a sauko da shi, in kuwa ya taka ƙasar Ingila lauyoyi za su tambayi dokar da aka tsare shi da ita. Sai ga babban admiral na Birtaniya yana gudun mai sammaci, daga gidansa zuwa jirgi, daga wannan jirgi zuwa wancan. Ranar 4 ga Agusta aka umarci Bellerophon ya fita teku, inda takarda ba za ta kai ba. A ranar Napoliyon ya rubuta takardar ƙorafinsa, yana cewa an miƙa masa hannun karamci, da ya kama sai aka yanka shi.

To, wa ke da gaskiya? Mu dai ba mu ga inda Maitland ya yi alkawari ba. Napoliyon kansa ya ce masa ba shi da ƙorafi a kan yadda ya riƙe shi. Sai dai Maitland ya san abin da baƙinsa suke zato, ya ga kuskuren yana amfanarsa, ya bar su a kai. Ita kuwa gwamnati, mutumin ya ce ya zo ƙarƙashin dokokinta, sai ta yi duk abin da za ta iya don kada dokokin su gan shi. Shaida ita ce sai a Afrilun 1816 majalisar Birtaniya ta yi doka ta musamman da ta halatta tsare shi, ta kuma wanke waɗanda suka riga suka aikata. Da abin yana kan ƙa'ida tun farko, da ba a buƙaci wannan ba.

Amma kafin tausayi ya kwashe mu, mu tuna da Toussaint Louverture, baƙin janar ɗin da ya jagoranci bayin Haiti. A 1802 wani janar ɗin Napoliyon ya gayyace shi tattaunawa da kalmomin aminci, da ya zo aka ɗaure shi, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Faransa, aka jefa shi kurkukun Fort de Joux cikin duwatsu masu ƙanƙara, ya mutu a can a Afrilun 1803. A shekarar 1802 ɗin kuma Napoliyon ya maido da bauta a yankunan Faransa. A 1808 ya kira gidan sarautar Sifen zuwa Bayonne da sunan sulhu, ya karɓe sarautar ya ba Joseph, ya tsare magajin shekara biyar. Fafaroma ma bai tsira ba. Mai wannan tarihi ba shi ne ya fi cancantar yin wa'azi a kan haƙƙin baƙo ba.

Ranar 7 ga Agusta aka mayar da shi jirgin Northumberland, domin Bellerophon ya tsufa da irin wannan doguwar tafiya. Admiral Cockburn, wanda ya ƙone gine-ginen gwamnati a Washington a 1814, shi ya raka shi. Bertrand da Montholon da Gourgaud da Las Cases suka bi shi, tare da likitan Bellerophon, Barry O'Meara. Savary da Lallemand aka hana su, aka kai su Malta aka tsare. Sun isa Saint Helena a tsakiyar Oktoba. A can ya yi sauran kwanakinsa a gidan Longwood, yana rigima da gwamna Hudson Lowe, yana shifta wa mabiyansa labarin rayuwarsa yadda yake so a karanta, har ya mutu ranar 5 ga Mayu 1821 yana da shekara 51. A wannan fage kam ya yi nasara: hoton gwarzon da aka ci amanarsa ya zauna a zukatan Faransawa, a 1840 aka maido da gawarsa Faris cikin gagarumin biki, a 1852 kuma ɗan ƙanensa ya hau karaga da sunan Napoliyon na 3.

Wannan dabara ta ɗauke shugaba a kai shi nesa ba tare da an kashe shi ba, Ingilishi sun ci gaba da amfani da ita, kuma ta iso mana nan. Saint Helena ɗin ta karɓi Dinuzulu, sarkin Zulu, a 1890. Sarkin Benin Ovonramwen an kai shi Kalaba bayan 1897, Sarkin Kano Alu kuma a Lakwaja ya ƙare kwanakinsa. Wanda labarinsa ya fi kama da namu shi ne Jaja na Opobo. A 1887 muƙaddashin jakadan Birtaniya Harry Johnston ya gayyace shi ganawa, ya ba shi tabbaci a rubuce cewa zai zo ya koma lafiya. Da ya zo aka nuna masa bakin igwar jirgin yaƙi mai suna Goshawk, aka ce ya hau ko a ruguza garinsa. Aka yi masa shari'a a Accra, aka kai shi tsibirin Saint Vincent, ya mutu a hanyar dawowa a 1891. Bambancin shi ne Jaja yana riƙe da alkawari a takarda, abin da Napoliyon bai samu ba.

Maitland ya ci gaba da aiki har ya zama admiral, ya wallafa nasa bayanin a 1826 don ya wanke sunansa, ya mutu a jirginsa kusa da Bombay a 1839. Bellerophon kuwa bai sake fita yaƙi ba. Da ya dawo aka kwashe igwoyinsa, aka sa masa ƙarafa a tagogi, aka mayar da shi kurkukun kan ruwa, har da yara masu laifi aka tsare a cikinsa. A 1824 aka sauya masa suna zuwa Captivity, wato zaman kaso. A 1836 aka sayar da shi aka farfasa katakonsa.